Turken Gari a Hannun Kura

Shekarar da damina ta yi gardama a Dajin Marke, babu abin da ya addabi babban birnin masarautar irin yawon dabbobi. Yunwa ta kwance wa kowa igiya. Ɗan akuya zai fita neman ganye ya ɓuge a lambun Ɓauna, maraƙi ya bi ƙanshin dusa har cikin rumbun Gafiya, tumaki kuwa da ma ba sa neman dalili, ɗaya ta tsallaka titi sauran su rufa mata baya. Kullum ana cikin rigima, kullum ana gaban Sarki Zaki da ƙara, har ta kai barcin ranarsa ma ba ya samu yadda ya saba. Wannan ne ya sa fada ta gane lamarin ya zama na gaggawa.

Ba wai babu tanadi ba ne. Akwai Turken Gari, wani fili a bayan kasuwa da aka kewaye da ƙaya, inda ake tsare duk wanda aka tsinta yana gararamba har nasa su zo. Wani tsohon takarkari ne ke riƙe da wurin, Baba Jatau. Ba zan yi masa ƙarya don ya tsufa ba, malalaci ne na buga misali. Harawar da ake warewa don tsararru rabinta a cikinsa take kwana, shingen kuwa ya zube har raƙumi zai fita bai ɗaga ƙafa ba. Sai dai tsegumi ya sa ya san kowa da zuriyarsa. In ya hango ki tafe ba sai kin buɗe baki ba, zai ce, "Naki yana can gindin tsamiya, ja abinki," ya koma barcinsa.

Ranar da majalisa ta zauna kan maganar, Tabawa na cikin zauren. Jaka ce mai dakon ruwa daga Unguwar Jakuna, ta fara manyanta, ba ta da hayaniya, kuma ba ra'ayi ne ya kai ta ba. A Birnin Marke aikin jakuna a majalisa sananne ne. Kwaso su ake yi a jera a baya, in babba ya yi magana su gyaɗa kai, in an tashi a sallame su da 'yar dusa. Tabawa ta iya gyaɗa kai, shi ya sa ba a taɓa mantawa da ita.

Dila, Ministan Tsaftar Gari, ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja, jama'ar Marke masu albarka. Wannan gwamnati mai jin kukan talakawa ba za ta naɗe hannu tana kallo ba. Duniya ta ci gaba. A dazuzzukan da suka waye gwamnati ba ta kiwo, manufa take tsarawa, 'yan kasuwa su yi aiki. Saboda haka mun tallata aikin Turken Gari, an tantance ba sani ba sabo, kuma cikin ikon Allah kamfani ɗaya ne ya cika duk sharuɗɗa. Shi kaɗai ne ma ya nema, domin tallar ta fita ne a ranar da aka rufe karɓa. Ina gabatar muku da Kamfanin Riƙon Amana."

Shugabar kamfanin ta taso daga gefe, ta sha mayafi, tana ɗingishin nan nasu na gado.

Barewa, wakiliyar masu cin ciyawa, ta ɗaga ƙafa a tsorace. "Mai girma Minista, Kura ce fa."

"Wannan shi ne ƙabilancin da ya hana mu ci gaba," in ji Dila, ransa a ɓace. "Har yaushe za mu riƙa duban haƙoran ɗan ƙasa mu bar ƙwarewarsa? A duk faɗin dajin nan wa ya kai ta sanin inda dabba ke ɓuya?"

Barewa ta sauke ƙafarta.

Kura ta durƙusa ta gaida Sarki, ta yi magana da wata irin murya mai laushi. "Ranka ya daɗe, ni uwa ce, na san zafin ɓatan ɗa. Ba riba ce ta kawo ni ba, kishin ƙasa ne. Ko sisi ba ma nema daga baitulmali. Alfarma ɗaya ce kawai. Duk wanda kasuwa ta zagayo ba a zo ɗaukarsa ba, kamfani zai ɗauke wa gwamnati nauyinsa, mu mayar da shi reshenmu na bayan dutse, mu kula da shi har ƙarshen rayuwarsa."

Sarki Zaki gyangyaɗi yake yi, amma kalmar "ko sisi" ta shiga kunnensa. Ya buɗe ido ɗaya ya ce an amince. Aka yi wa Baba Jatau ritaya da takardar yabo, ya cinye ta a hanyar gida. A bayan zaure jakuna suka gyaɗa kai, Tabawa kuwa har da ƙari, don a makon nan wani maraƙi ya fasa mata tulu kuma ba ta huce ba.

Gaskiya ɗaya ce, da farko abin ya yi kyau. Aka zagaye turken da dogon shinge mai koren fenti, aka yi masa ƙofa da 'yar taga. Yaran kamfani, duk 'ya'yan Kura ne da 'ya'yan ƙannenta, suka bazu a gari da huluna iri ɗaya. Tituna suka yi fes. Zakara mai shela ya bi unguwa-unguwa da sabon tsari: duk mai son ɗaukar nasa, sai ya kasance uba ko uwa ko abokin aure, ya tsaya a taga ya kira sunan tsararren da ƙarfi, ya ce nasa ne, shi kuma wanda aka kira ya amsa. An yi haka ne, in ji shela, don hana satar 'ya'yan jama'a. Kowa ya yaba, har aka riƙa cewa ina ma tun tuni.

Abin da ba wanda ya tsaya ya tuna shi ne abin da kowa ya sani. Tun kaka da kakanni, a Dajin Marke iyaye ba sa kama sunan ɗan fari. Uwa ba ta nuna shi ta ce nata ne, ba ta yabonsa, in ana hirarsa sai ta tashi ta ba da wuri. Haka mace ba ta kama sunan miji. Kunya ce, kuma da ita ake auna 'yar gidan mutunci. Ita ma Kura haifaffiyar garin ce, ba a taɓa jin sunan nata ɗan farin a bakinta ba, ga shi nan shi ne mai gadin ƙofa. Ni dai ban ce da gangan ta tsara dokar ba, ban kuma ce ba da gangan ba ne.

Tabawa na da ɗan fari. Tunda ni ba uwarsa ba ce zan faɗi sunansa, Nomau. Ƙaton jaki ne mai dakon yashi, da aurensa, ba ya shiga sabgar kowa. Ubansa ya daɗe da rasuwa. Wata rana ya sauke kaya a wani gini, ya kamo hanyar gida, sai ya tsaya cik a tsakiyar titi. Kowa ya san jaki da wannan tsayuwa. Ba gajiya ba ce, ba taurin kai ba ne, tunani ne, ko da yake ba a taɓa samun wanda ya faɗi abin da ya tuno ba.

Yaran kamfani biyu suka ƙaraso. "Malam, ina za ka?"

"Ban yanke ba tukuna," in ji Nomau.

"Daga ina kake?"

"Daga can."

Suka dubi juna, suka dubi cinyoyinsa, suka ce wannan gararamba ce ƙarara. Suka zura masa igiya, shi kuma ya bi su don ba ya son jayayya da hukuma.

Ladiyo ce ta kawo labari, wata akuya maƙwabciyar Tabawa mai bakin tsiya da kyakkyawar zuciya. Ita ma an kama autanta a ranar. Tabawa ta ji maganar ta ce, "Allah ya kyauta," ta ci gaba da shara kamar an ce mata an kama wani a wata ƙasa. Amma wuri ɗaya ta yi ta sharewa har ya fara zama rami, kuma da safe ta riga Ladiyo shiri.

Ungulu ce akawu a tagar kamfani, da tabarau a ƙarshen baki. Ladiyo ta fara matsawa, ta ɗaga murya. "Ɗanliti. Nawa ne, ni na haife shi, kuma yau sai na karya shi." Daga ciki aka ji "na'am" a raunane, aka buɗe ƙofa, ɗan akuya ya fito. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Tabawa ta matsa.

"Wa kika zo ɗauka?" in ji Ungulu.

Tabawa ta dubi ƙasa. "Wani ne aka kama jiya."

"Duk wani ne aka kama jiya. Sunansa?"

"Dogo ne haka, mai tsaga a kunnen hagu."

"Baiwar Allah, ban tambaye ki kamanninsa ba. Mene ne shi a wurinki?"

"A gidanmu dai ya tashi."

"Ɗanki ne?"

Tabawa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. "Haka dai jama'a ke cewa."

Ladiyo ta kasa haƙuri ta kutso kai. "Haba akawu, sunansa Nomau, ɗanta ne na fari, har makaho ya san haka."

"Ke ce uwarsa?"

"Ina akuya ina haihuwar jaki?"

"To matsa gefe, kina tare layi."

Aka aika aka kira matarsa Kuluwa. Ta zo da saurinta, idanu jawur, ta ce maigidan ta zo ɗauka. Ungulu ta ce duk masu gida ne a ciki, wanne daga ciki? Kuluwa ta buɗe baki, ta waiga ta ga surukarta tsaye, ta rufe fuska da kunnuwa biyu ta ruga gida.

Kafin su bar wurin Tabawa ta leƙa ta wata 'yar kafa a jikin shinge. Ta zaci za ta ga ƙananan yara masu ƙiriniya, irin waɗanda aka gina turken dominsu. Babu ko ɗaya, duk iyayensu sun zo sun kwashe su. Manya ne cike da fili, raguna da bijimai da bunsuraye da jakuna, sun yi jugum-jugum. Ta san su kusan duka. Wannan ɗan farin wance ne, wancan mijin wance ne, na bayansa ɗan farin wance. Nomau na gindin tsamiya yana ci gaba da tunaninsa. Da ta ɗago sai ta lura da mai gadin ƙofa, wanda watan jiya ake iya ƙirga haƙarƙarinsa, yau hularsa ma ta matse shi. Nan ta tuna kasuwa ta kusa, kuma ba ta taɓa ganin wanda ya dawo daga bayan dutse ya ba da labarin irin kulawar da ake yi ba.

Ta yanke za ta kai kuka fada ranar sauraron koke. A ƙofar zaure ta ci karo da Goho, Sarkin Jakuna, da sabuwar hula irin ta kamfani amma mai ado.

"Tabawa, na ji abin da ya kawo ki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki yi a hankali, kada ki ja mana abin faɗa. Mu jakuna ba mu da ƙaho, ba mu da farce. Haƙuri da kunya su ne duk abin da aka san mu da shi. In kika zubar da ɗaya, da me za mu yi tinƙaho?"

Ta ce ta ji. Aka kira ta, ta durƙusa gaban Sarki.

"Ranka ya daɗe, an kama wani."

"Wa?" in ji Sarki.

"Wani bawan Allah ne, ba ya faɗa da kowa."

"Ɗan uwanki ne?"

"Mun dai san juna."

Zaure ya ɗauki dariya. Barewa ce ta tausaya mata, ta tashi ta warware zancen. Ta ce turke ya cika da 'ya'yan fari da mazan aure, babu mai iya kiransu, kuma waɗanda aka kai bayan dutse ko saƙon gaisuwa ba a samu daga gare su ba.

Dila ya miƙe kafin ta zauna. "Ranka ya daɗe, 'yan adawa ba sa ganin alheri. Rashin saƙo shaida ce ta jin daɗi, mai wahala shi ke aike. A fita a dubi tituna. Yaushe rabon da a kawo wa Sarki ƙarar ɓarna? Yaushe rabon da a katse masa barci? Tawagogi daga dazuzzukan maƙwabta na nan tafe don su koyi wannan tsari namu."

Kura ta share ido da gefen mayafi. "Wallahi maganar baiwar Allahn nan ta taɓa ni. Mu a Riƙon Amana muna girmama al'ada fiye da kowa. Ba mu taɓa tilasta wa wata uwa ta faɗi abin da take jin kunyarsa ba, ba kuma za mu fara ba. Duk wadda ta zaɓi ta yi shiru, za mu mutunta shirunta."

Sarki ya yi hamma, kowa ya ga abin da ke cikin bakinsa ya natsu.

"Mun ji kowane ɓangare," ya ce. "Al'ada gadonmu ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa mu. Doka kuma mu muka amince da ita, wanda ya taɓa ta ya taɓa mu. Saboda haka a kafa kwamiti. Kunkuru zai shugabance shi, ya kawo rahoto bayan kaka."

Kasuwa kuwa jibi ce. A baya jakuna suka gyaɗa kai. Tabawa ta ji nata wuyan ya fara sunkuyawa da kansa saboda sabo, sai da ta yi da gaske ta tsayar da shi.

Washegari da hantsi ta tafi wata tsohuwar rijiya a bayan gari inda ba kowa, da niyyar gwaji. Ta waiga gabas, ta waiga yamma, ta zura kai ciki. Sunan nan ta fi kowa saninsa. A cikin ranta ta kira shi ba adadi, tun ranar da ta haife shi ana tsakiyar noma, ƙafafunsa na rawa ya kasa tsayuwa, surukarta ta ɗauke shi ita kuma ta kau da kai kamar yadda ya dace. Tana da 'ya'ya bayansa, tana kiransu, tana zaginsu, tana lasarsu gaban kowa, amma babu wanda take so kamar shi. Son nan bai taɓa samun hanyar fita ba, sai dai ta manta dusa mai kyau a kusa da turkensa, ta yi kamar ba ita ba.

Ta ja numfashi ta ce, "No..."

Rijiya ta mayar mata, "No..."

Tabawa ta yi tsalle da baya, ta nemi tsari, ta kwasa a guje tana zaton wani ne ya ji ta. Sai da ta kusa gida ta gane muryarta ce, ta tsaya ta yi kuka mai isarta.

Ranar kasuwa tun da safe aka buɗe ƙofar baya ta turke, wadda ke kallon dutse. Yaran kamfani na ta warware igiyoyi suna wasa da dariya, Kura da kanta ta zo sa ido. A gefen shinge kuwa iyaye mata da matan aure sun cika maƙil, amma in ka tambaya babu wadda ta zo don kowa. Wata ciyawa take nema a wurin da ko tsinke babu, wata inuwa ta biyo alhali rana na dukan ƙeyarta. Goho na tsaye daga gefe da hularsa, ya zo tabbatar da cewa jakuna sun kama kansu.

Kusa da Tabawa wata tsohuwar tunkiya ce, Goggo Hajjo, duk ta rame ta fita hayyacinta.

"Goggo, me ake yi a nan?" in ji Tabawa.

"Wucewa nake," in ji tsohuwar, idonta na kan dutse. "Tun waccan kasuwar nake wucewa."

Tabawa ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta taga ba. Ungulu ta dube ta ta saman tabarau. "Ke ce kuma? Yau ma wani ne?"

"Nomau," ta ce, a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe.

"Ban ji ba."

Tabawa ta rufe ido, ta miƙe wuya, ta saki murya irin ta jakuna wadda ake ji daga ƙauye zuwa ƙauye. "Nomau! Ɗana ne, ni na haife shi."

Sai salati ya tashi ta ko'ina, tsofaffi na tafa ƙafa, wata saniya ta toshe kunnuwan 'yarta. Hular Goho ta faɗi ƙasa bai ko sani ba.

A cikin turke Nomau ya ɗaga kai. Tunda yake bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba. Ya waiga bayansa ko akwai wani Nomau, bai ga kowa ba. Kunya ta rufe shi tun daga kunne har kofato. Shi fa ɗa ne mai tarbiyya, ina zai amsa wa mahaifiyarsa gaban wannan taro, ya ƙara tona mata asiri? Sai ya sulale ya laɓe a bayan wani bijimi.

"An kira, ba a amsa ba," in ji Ungulu.

Kura ta matso da fuskar tausayi. "Kin yi iya naki, 'yar uwa, Allah ya gani. Amma doka ta ce sai an amsa. Wataƙila dai ba naki ba ne." Ta juya ga yaranta. "A fara da na bayan bijimin can."

Abin da ya taso wa Tabawa a lokacin ba tsoro ba ne, ba kuma baƙin ciki ba ne, haushi ne tsagwaronsa. Kunyar da ta yi rayuwarta tana tattali ta zubar da ita a ƙasa gaban 'yan kasuwa, wannan sakaran kuma ya tsaya yana mata kara, za a ja shi a cinye da ladabinsa. Ta manta da taga, ta manta da Kura, ta manta da Goho. Ta daka tsawa irin wadda take yi a tsakar gida.

"Kai, wannan! Ba da kai nake ba? Wuce mu tafi gida tun ban saɓa maka ba."

Turke gaba ɗaya ya ce, "Na'am."

Da wannan kira aka raine su kaf. Babu ɗan farin da ya san wani suna a bakin uwarsa ban da shi, kuma babu wanda ya taɓa jin sa ya tsaya tambayar da wa ake. Mazan auren ma muryar ba baƙuwa ba ce a wurinsu. Raguna da bijimai da bunsuraye da jakuna suka zabura lokaci guda, kowa na son ya isa gida kafin a saɓa masa. Ƙofa ta yi musu kaɗan, suka bi ta shinge. Nan aka gane dogon shingen nan karan dawa ne aka shafa wa fenti, surukin Dila ne ya yi aikin. Shingen ya kwanta ba gardama. Ungulu ta tashi sama ta bar tabarau, yaran kamfani kuwa ƙiba ta hana su gudu sai dai suka kwanta aka bi ta kansu.

Kura ba ta ko ɗaga murya ba. Ta koma gefe ta kakkaɓe mayafinta, ta aika a kira Minista.

Kafin wuri ya lafa Dila ya iso da makaɗa, ya hau kan abin da ya rage na taga.

"Jama'ar Marke masu albarka, ina tafe da albishir. Mai girma Sarki, cikin tausayin da aka san shi da shi, ya yi wa dukkan tsararru afuwa tun jiya, sanarwar ce ta makara. Muna jinjina wa Kamfanin Riƙon Amana bisa sallamar jama'a cikin sauri irin wanda ba a taɓa gani ba. Saboda wannan ƙwazo, gwamnati ta ƙara masa wa'adi, ta kuma ba shi aikin sake gina shinge, wannan karon na dutse."

Goho ya tsinci hularsa, ya busa ta, ya gyaɗa kai. Da ya waiga sai ya ga shi kaɗai ke yi, ya ƙara gyaɗawa da ƙarfi don ya cike gurbin sauran.

Taro ya fara watsewa yadda aka saba tafiya a Marke, uwa a gaba, ɗan fari can baya da rata mai yawa, kamar hanya ce kawai ta haɗa su. Tabawa ta kama hanya, kunnuwanta na zafi, tana jin takun Nomau daga nesa. Ladiyo ta biyo ta za ta yi barka, Tabawa ta harare ta, akuyar ta ja da baya.

Ba su yi nisa ba wata siririyar murya ta taso daga wajen karyayyen shinge. Goggo Hajjo ce. Ta tako kan karan da ya zube, ta wuce har ƙofar baya, ta fuskanci dutse.

"Kai, wannan," ta ce. Ta saurara. Sai ta ƙara matsawa, ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata. "Shekarau. Ɗana ne. Ni na haife shi."

Wannan karon babu wanda ya yi salati. Makaɗa suka sauke gangunansu. Duk wanda ke wurin ya tsaya ya juya kunne wajen dutse, har da waɗanda suka riga suka kai bakin kasuwa. Aka jira, aka ƙara jira, ba a ji "na'am" ba. Mai gadin ƙofa ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa.

Tabawa ta tsaya a tsakiyar hanya. Nomau ma ya tsaya a inda yake, don kada ya cim mata.

"Zo ka wuce gaba," ta ce, "inda zan riƙa ganinka."

Ya zo ya wuce kansa a ƙasa. Ta bi bayansa dab da dab, idonta a kansa, duk mai magana ya yi.